Ranar da Na'urar Sati-Biyu Ta Kira Masu Ciwon Haƙori

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Ba ta zamanin da dabbobi ke magana ba ce, ta zamaninmu ce, da na'ura ta karɓi maganar.

An yi wani mutum a unguwarmu da ake kira Sati-Biyu. Shi dai sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya ne, har ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar gidansa. Amma jama'a sun san tarihinsa. Ya shiga makarantar koyon kwamfuta ta wata shida, ya yi sati biyu ya fito, wai malamin yana ja masa baya. Tun daga ranar sunan ya manne masa. Ba shi da aikin yi sai zama a bakin titi da wata tsohuwar kwamfuta a cinya, yana gaya wa masu wucewa abin da duniya ta rasa saboda ba ta neme shi ba.

Matarsa, wadda 'yan gidansu ke kira Auta, tana da wa likitan haƙori. Asibitinsa ɗan ƙarami ne: ɗakin aiki ɗaya, ɗakin jira ɗaya mai kujeru goma sha biyu, sai tebur a bakin ƙofa. A kan teburin nan wata dattijuwar nas da kowa ke ce wa Sista ta shekara goma sha tara tana rubuta sunan duk wanda ya shigo a littafi, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. To, ga shi za ta ajiye aiki a ƙarshen wata, Likita yana neman wanda zai gaje teburin.

Auta ta yi ta zarya gidan wan nata.

"Yaya, ka taimaka ka ba shi. Shekara uku ke nan yana zaune. Yara sun fara tambayata ko aikin babansu kallon titi ne."

"Auta, kin san mijinki."

"Na san shi, shi ya sa na zo da kaina."

Likita ya ce a turo masa shi. Sati-Biyu ya zo da kwamfutarsa a hammata, bai jira an ba shi wurin zama ba ya zauna.

"Yaya Likita, ni ba zan yi aikin littafi da biro ba. Wannan aikin mutanen da ne. Na'ura zan haɗa maka. Mutum ya shigo, in buga sunansa, ka danna maɓalli daga ɗakinka, lasifika ta kira shi. Kuma da yaren C zan rubuta manhajar."

"Mene ne kuma yaren C?"

"Yaren manya. Sauran yarukan kwamfuta suna riƙe maka hannu kamar ɗan da ke koyon tafiya. Shi wannan kai da ƙwaƙwalwar na'ura ne, gaba da gaba. Ka ɗauka ƙwaƙwalwar nan wani dogon gidan haya ne, ɗakuna rututu, kowanne da lambarsa. Suna yana kwana a ɗaki. Ni kuwa sai in yi jerin manunai, wato jerin yatsu, kowane yatsa yana nuna ɗakin da sunan mutum ɗaya yake. Yatsa na ɗaya, mutum na ɗaya. Yatsa na biyu, mutum na biyu. Na'ura ta bi yatsa, ta leƙa ɗaki, ta kira wanda ta tarar. A duk garin nan waɗanda suka iya wannan ba su kai uku ba, kuma biyun sun tsufa."

Sista, da ke goge almakashi a gefe, ta ce, "Ɗan nan, duk wannan don a ce wane ya shigo?"

Likita ya yanke magana. "Yini ɗaya na ba ka, ranar Alhamis. In marasa lafiya suka shigo bi da bi lafiya, teburin naka ne. In aka samu matsala, kada Auta ta sake tako mini gida da zancenka."

Kwana huɗu Sati-Biyu yana buge-buge a tsakar gida. Ranar Laraba da yamma ya kira matarsa ta ga abin mamaki. Ya buga sunansa, ya danna maɓalli, lasifika ta ce da murya kamar ta mace mai mura, "Lamba ɗaya, Injiniya, a shigo."

"Kin ji?"

"Na ji. Ka gwada da mutum biyu?"

"Abin da ya iya ɗaya ai ya iya dubu. Ke dai ki goge mini farar rigata."

Alhamis da safe ya riga mai shara zuwa asibiti. Ya ɗaura lasifika a saman ƙofa, ya ja waya zuwa ɗakin Likita, ya ɗauke littafin Sista ya jefa a durowa ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Sista ta ja kujera can gefe ta zauna, ta harɗe hannuwa, kamar wadda ta zo kallo.

Mutane suka fara shigowa, kowa dafe da kunci. Na farko wani mahauci ne, ƙato, wanda ciwon ya hana shi barci kwana uku. Sai wata malama mai koyar da kwamfuta a babbar makaranta, kuncinta ya kumbura har ido ɗaya ya ƙanƙance. Sai tela, sai direba, sai wani dattijo mai sanda, haka dai har mutum goma sha ɗaya. Na ƙarshe wani mai sayar da kaji ne, siriri, wanda ya zo kawai a duba masa dasashi. Sati-Biyu ya buga sunan kowa yana kaɗa kai.

Ƙarfe tara Likita ya danna maɓalli.

"Lamba ɗaya, Mai Kaji, a shigo."

Mai Kaji ya duba hagu, ya duba dama, ya miƙe da murmushi ya shige.

Mahauci ya sauke hannu daga kunci. "Malam, ni na fara zuwa. Ni na taya mai shara ɗaga kujeru."

"Na'ura ta fi ka sanin wanda ya fi jin jiki," in ji Sati-Biyu.

Bayan minti goma Mai Kaji ya fito yana tsotsar baki. Bai kai ƙofar waje ba lasifika ta ce, "Lamba biyu, Mai Kaji, a shigo."

Ya tsaya. "Ni kuma?"

"Ba ka ji ba? Koma. Wataƙila an manta wani abu a bakinka."

Ya koma. Likita ya ɗauka wani wurin ne ke damunsa, ya sake buɗe masa baki, ya tono wani ɗan rami a haƙorin turmi, ya yi masa allura ya cike. Mai Kaji ya fito leɓe a sake, ya nufi takalmansa.

"Lamba uku, Mai Kaji, a shigo."

"Wallahi ba zan koma ba!" Ya riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu. "Haƙora nawa gare ni? Lafiya lau na zo wurin nan!"

Ana cikin haka wani tsohon soja ya shigo, ƙirji a gaba, haƙorin gaba a karye. Ya faɗi sunansa kamar yana kan fareti, Sati-Biyu ya buga. Likita, da ya gaji da jira, ya sake dannawa.

"Lamba huɗu, Tsohon Soja, a shigo."

Soja ko zama bai yi ba, ya sara wa lasifika ya wuce ciki.

Tela ne ya fara ganewa, don shi mutum ne mai lura da inda zare ya bi. Ya ce a hankali, "Jama'a, abin nan wanda ya zo ƙarshe yake kira."

Ya tashi ya je gaban tebur. "Sake rubuta ni."

Direba ya taso ya tsaya a bayansa. Tela ya waiwaya. "A'a, bismillah, wuce gaba."

"Haba, ni wa? Kai ne babba."

"Wane babba? Na girme ka da me? Wuce, don Allah."

Kafin ka ce me, mutum tara sun taru a gaban tebur, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Ba a taɓa ganin ladabi irin na ranar ba. Dattijo mai sanda ya rantse shi yaro ne, furfurar gado ce. Mahauci ya bi ya tattaro su duka da hannu ɗaya kamar mai kora awaki, ya tsaya a can ƙarshe ya jingina da bango don kada kowa ya zagaya bayansa. Direba ya fita waje da gudu, wai zai sake shigowa a matsayin sabon zuwa. Tela ya bi shi, suka tsaya a bakin titi kowa yana jiran ɗayan ya fara shiga.

Sista ta ce, "Injiniya, in buɗe littafi?"

"Kada ki taɓa! Wutar asibitin nan ce ba ta da ƙarfi."

Malama, wadda ba ta tashi daga kujerarta ba sai yanzu, ta zagayo bayan tebur ta leƙa allon kwamfutar da idonta mai lafiya. Ta karanta layi biyar, ta yi wani nishi wanda ba na haƙori ba ne.

"Ɗakuna nawa ka kama wa sunaye?" Maganar tana fita da ƙyar.

"Hajiya, wannan ba fannin mata masu ciwon haƙori ba ne."

"Shekara goma sha huɗu ina koyar da shi. Ɗakuna nawa?"

"Ɗaya mana. Ɗaki mai kyau, mai faɗi."

Malama ta juya ga jama'a. "Don Allah kowa ya nuna mini wanda ya ɓata mana safiya."

Yatsu suka miƙe gaba ɗaya suna nuna Sati-Biyu, har da na Sista, har da sandar dattijo.

"To, ka gani. Yatsu da yawa, mutum ɗaya. Haka jerinka yake. Yatsunka goma sha biyu duk ɗaki ɗaya suke nunawa. Duk sunan da ya shigo sai ya kori na ciki ya kwanta a gadonsa. Ko wane yatsa na'ura ta bi, baƙon ƙarshe za ta tarar. Ka roƙi na'ura ta ba kowane suna ɗakinsa."

Sati-Biyu ya yi dariya. "Abin da nake shirin yi ke nan kika katse ni. Gwaji nake yi in ga ko akwai mai ilimi a ɗakin."

"Bari in zauna in gyara maka. Minti biyu ne."

"Hajiya, je ki riƙe kuncinki."

Ya naɗe hannun riga ya hau bugu. Ya ba kowane suna ɗakinsa, wannan kam ya yi daidai. Sai ya tuna wani abu da malaminsu ya faɗa a ranarsa ta ƙarshe a makaranta: duk ɗakin da ka ara a wurin na'ura, ka mayar mata. Malamin ya ƙara da cewa sai ka gama amfani da shi, amma lokacin Sati-Biyu ya riga ya tashi yana tattara jakarsa. Don haka ya rubuta cewa da zarar yatsa ya nuna ɗaki, a mayar wa na'ura makullin nan take. Kuma don ya rufe bakin Malama, ya ƙara wani sabon abu.

"Jama'a, an gyara, har da ƙari. Yanzu kowa zai faɗi sunansa, sannan ya raɗa mini abin da ke damunsa a kunne. Likita kaɗai zai gani a allonsa. Sirri ne tsakaninku da shi da na'ura."

Sista ta taimaka aka tuno wanda ya riga wani. Soja ma, da Likita ya ce ya jira allura ta kama shi, ya fito ya sake bin layi. Kowa ya sunkuya ya yi raɗarsa, Sati-Biyu yana bugawa yana ɗaga gira.

Abin da bai sani ba, na'ura ba ta barin ɗaki a banza. Ɗakin da ya mayar mata yanzu-yanzu, shi take ba abin da ya biyo baya. Abin da ya biyo bayan kowane suna kuwa, raɗar mai sunan ce. Yatsa yana nan yana nuna tsohon ɗaki, amma ɗan hayan ya canza.

Likita ya danna maɓalli.

"Lamba ɗaya, Warin Baki Har Matata Ta Raba Mana Ɗaki, a shigo."

Babu wanda ya motsa. Kowa ya shiga kallon silin, sai kuma aka fara satar kallon juna. Wata mata ta ja kujerarta nesa da tela.

"Ba ni ba ne!" in ji tela. "Ni ko aure ban yi ba!"

Mahauci, wanda kowa ya san shi ne na farko, ya sunkuyar da kai yana nazarin farcensa. Ciwo na cinsa, an kira layinsa, amma ya gwammace ya mutu a kujerar.

Likita ya ga ba a shigo ba, ya sake dannawa.

"Lamba biyu, Kumburi Kwana Biyar, Na Sha Maganin Maƙwabciya, a shigo."

Malama ta rufe idonta mai lafiya. "Ka saki ɗakunan, ko? Ka mayar da makulli tun mutum yana ciki."

"Tsafta ce, Hajiya. Haka ƙwararru ke yi."

"Kashe ta!"

Amma Likita a ciki ya fusata, ya ɗora yatsa a kan maɓalli yana ta dannawa. Lasifika ta ɓalle. Aka ji wanda ya buɗe kwalba da haƙori don ya burge budurwa. Aka ji wanda haƙoransa na roba suka faɗa rijiya, na wansa marigayi yake sawa. Dattijo mai sanda ya kai hannu ya rufe bakinsa, wanda hakan ya sa kowa ya gane. Direba ya yi dariya har ya manta da ciwonsa, sai aka karanto nasa, dariyar ta tsaya.

Sati-Biyu yana ta dukan maɓallai, gumi ya jiƙa farar rigar.

"Lamba goma sha biyu, Na Ga Ɓera Na Hau Tebur Na Faɗo Da Baki, a shigo."

Mutum ɗaya ne a ɗakin mai karyayyen haƙorin gaba, kuma tun da ya zauna yake ba na kusa da shi labarin yadda ɓarayi huɗu suka tare shi ya watsa su.

Soja ya miƙe a hankali. Allura ta kama rabin fuskarsa, leɓe ya zube, amma hannuwansa lafiyarsu ƙalau.

"Ka ce sirri ne."

"Ranka ya daɗe, na'ura ce, ba ni..."

"Na'ura na raɗa wa a kunne?"

Sati-Biyu ya zagaya tebur, Soja ya bi shi. Mahauci, da ya samu inda zai sauke kunyarsa, ya tare ɗaya gefen. Dattijo ya miƙa sanda daidai ƙafa. Injiniya ya yi sama, ya kama wayar lasifika don ya tsira, lasifika ta tsinko daga saman ƙofa ta faɗo, tana ƙasa tana ci gaba da maimaita maganar ɓera. Masu shaguna na kusa suka cika taga. Likita ya fito da awartaki a hannu, takunkumi a haɓa.

Daidai lokacin Auta ta shigo da kwanon abincin rana, ta zo taya mijinta murnar kama aiki. Ta tarar da shi a ƙarƙashin tebur, ƙafa ɗaya a hannun Soja.

Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ajiye kwano, ta cire wayar wuta daga bango, lasifika ta yi shiru. Ta sa hannu a aljihun mijinta ta zaro makulli, ta buɗe durowa ta ɗauko littafi.

"Baba Soja, sakar masa ƙafa, ni zan ji da shi a gida. Ɓera kuwa ni ma ina hawa gado in na gan shi, kuma duk wanda ya yi dariya a nan ya zo in sa masa ɗaya a riga mu gani. Kawu mahauci, kai ne na farko ko? Shiga, babu wanda ya ji komai. Wa ya zo bayansa? Malama, sannu, ke ce. Baba mai sanda, zauna nan kusa da taga."

Cikin minti uku ɗakin ya koma asibiti. Mahauci ya shige yana sa mata albarka. Sista ta dubi rubutun da Auta ke yi a littafinta, ta dubi Likita, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Sati-Biyu ya rarrafo ya fito yana kaɗe gwiwa. "Yaya Likita, ka ga dai an kusa. Layi ɗaya ya rage in goge. Gobe in Allah ya kai mu..."

"Yini ɗaya na ce, kuma ko azahar ba ka kai ba." Likita ya juya ga ƙanwarsa. "Auta, ranar Litinin ƙarfe takwas. Sista za ta nuna miki sauran kafin ta tafi."

"Ni, Yaya?"

"Ke. Shi kuma in ya sake tako ƙofar nan, to ya tabbata haƙori ya kawo."

Sati-Biyu ya tattara wayoyinsa, ya ɗora lasifika a ka, ya fito ta tsakiyar 'yan kallo. Mai shagon da ke jikin asibitin ya ce, "Injiniya, yaya aiki? An dace?"

"An dace mana. Teburin ya shigo gidana. Dama tsarin da na yi ke nan tun farko, in girke wakiliyata a wurin, ni in ci gaba da bincike. Babban injiniya ba ya zaman tebur."

Auta ta leƙo ta taga da biro a hannu.

"Baban yara, in ka sauke kayan binciken, ƙarfe biyu ake tashin yara daga makaranta. Su uku ne. Ka ƙirga su, kada ka kawo mini na ƙarshen kaɗai."

Nan tawa ta tsaya. Wanda ya ji daɗinta ya kai wa na gaba, wanda haƙori ke damunsa kuwa ya je ya bi layi.